Tsakanin Shauƙi da Wajibi: Tarihin Addu'ar Kullum a Wurin Kirista

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana kai da komowa tsakanin malaman Kirista, tun zamanin da ikilisiya take 'yar ƙaramar jama'a mai taruwa a cikin gidaje har ya zuwa yau, ita ce mas'alar mutumin da ya farka da asuba, lokacin addu'arsa da karatun Littafi Mai Tsarki ya yi, ya duba zuciyarsa ya tarar babu ko ɗigon marmari a cikinta. Shin ya tashi ya durƙusa ya buɗe littafi domin wajibi ne a kansa, ko da baki na motsi zuciya tana wani wuri, ko kuwa ya dakata har shauƙi ya sauko masa, don kada ya kai wa Allah ibadar da babu rai a cikinta? Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Mai cewa a dakata tsoron riya yake yi, yana tuna yadda Yesu Almasihu ya tsawata wa masu tsayawa addu'a a bakin hanya don idon jama'a, da masu zaton yawan kalmomi ne ke sa a amsa musu. Mai cewa a tashi kuwa ya san halin nafsi, ya san in aka yi mata rangwame yau gobe ma za ta nema, har a wayi gari ƙura ta rufe littafin. Abin da ya fi ba ni mamaki, da na bi diddigin wannan al'ada, shi ne yawancin waɗanda suka kafa dokokin lokaci masu tsanani mutane ne da begen Allah ya cika musu zuciya, kuma saboda tsoron kada begen nan ya ɓace suka kafa dokokin.

Kiristocin farko gadon sa'o'in addu'a suka yi daga Yahudawa, waɗanda Annabi Daniyel a cikinsu yake durƙusawa sau uku a yini yana fuskantar Urushalima, kuma littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bitrus da Yohanna suna tafiya haikali a lokacin addu'ar yamma. Wani ɗan littafin koyarwa mai suna Didake, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana, su kuma yi azumi ran Laraba da Juma'a. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya rarrabe al'amarin kamar yadda fakihi zai rarrabe farilla da nafila: addu'ar safe da ta maraice dole ce, amma ta hantsi da ta tsakar rana da ta gabanin la'asar babu umarni bayyananne a kansu, sai dai ya ga ya kyautu mutum ya ɗauke su tamkar doka, domin su riƙa fizge shi daga cikin harkokinsa. Wannan mutum ya zauna a birnin kasuwa da tashar jiragen ruwa, ya kuwa lura ɗan Adam ba ya fita daga hidimar duniya da kansa sai an jawo shi.

Amma inda aka yi wa mas'alar binciken ƙwaƙwaf shi ne hamadar Masar, a ƙarni na huɗu, sa'ad da dubban mutane suka bar garuruwan bakin Nilu suka shiga zuhudu, wasu a ɗakunan halwa su kaɗai, wasu a cikin jama'a ƙarƙashin shugaba. Fakomiyus, wanda ya kafa gidan ruhubanawa a Tabennisi wajen shekara ta 320, ya shar'anta cewa duk baƙon da ya zo bai iya karatu ba a kai shi wurin mai koyarwa sau uku a yini, ko yana so ko ba ya so, har ya iya, kuma kada a sami mutum ɗaya a gidan da bai haddace wani abu na Zabura da Sabon Alkawari ba. Mutanen nan sun rabu da iyali da gona da dukiya don neman Allah, ai kuwa sai a zaci su ne za su fi kowa jin daɗin ibada. To, su ne suka fara rubuta labarin ranar da daɗin yake ƙaurace wa mutum.

Ebagiriyus, mutumin Fontus a ƙasar Turkiyya ta yau, malami mai zurfin ilmi wanda ya bar Kustantiniya ya ƙare rayuwarsa a hamadar Keliya a shekara ta 399, ya lissafa miyagun tunani takwas masu yaƙar mai ibada, ya ce mafi nauyinsu shi ne wata irin kasala da ƙosawa da yake dangantawa da shaiɗanin tsakar rana, domin tana kama mutum ne daga hantsi har rana ta karkata. Ya siffanta mai wannan ciwo siffar da duk wanda ya taɓa zama gaban littafi ba da son ransa ba zai gane ta. Rana takan yi masa kamar ta tsaya cik a sama, yinin ya yi masa tsawon sa'a hamsin. Yana leƙa taga, yana fita ƙofar ɗaki yana duban inuwa don ya ga saura yaya lokacin buɗe baki. Sai ya ji ya tsani wurin da yake zaune, ya tsani aikin hannunsa, ya fara raya wa kansa cewa 'yan'uwa ba su damu da shi ba, kuma da wani gari yake da ya fi bauta wa Allah. In ya ɗauki littafi sai hamma, sai murza ido, sai miƙa. Ya ɗaga kai ya dubi bango, ya koma ya karanta layi biyu, ya juya ya ƙirga warƙoƙin da suka rage, ya soki rubutun magatakarda da adon da aka yi wa shafi, daga bisani ya rufe littafin ya yi matashi da shi, ya yi barci marar nauyi wanda yunwa ce za ta tashe shi. Wanda ya rubuta wannan bai raina mai ciwon ba, a ɗaki irin nasa ya zauna shekara da shekaru. Maganin da ya bayar kuwa haƙuri ne da dauriya: kada mutum ya bar ɗakinsa a sa'ar jarraba kome kyan dalilin da zuciya ta kawo masa, ya yanka wa kansa gwargwadon aikin da zai iya, kada ya tashi sai ya cika shi.

Yohanna Kasiyan, wanda ya yi shekaru yana zaga dattawan Masar kafin ya tafi Marsel a kudancin Faransa wajen shekara ta 415, shi ya kai wa Turai wannan ilmi, ya kuma ƙara masa abubuwa biyu masu amfani. Na farko, ya ruwaito cewa bushewar zuciya tana da asali uku, ko sakacin mutum, ko farmakin Shaiɗan, ko kuwa jarrabawa daga Allah domin bawa ya san daɗin da yake ji a da kyauta ce aka yi masa. Saboda haka ba duk mai busasshiyar zuciya ne mai laifi ba. Na biyu, ya ce dattawan ba su damu da yawa ba: sun fi son a rera ayoyi goma da hankali a kan a zuba sura guda cikin gaggawa da ruɗewa, kuma sun tsayar da zabura goma sha biyu kacal ga sallar dare. Ya ba da labarin wani dattijo, Abba Bulus, wanda kogonsa yake nesa da gari tafiyar kwana bakwai, ba shi da inda zai kai saƙarsa ya sayar, amma kullum sai ya tara ganyen dabino ya yi aikin yini cikakke, in shekara ta kewayo kogon ya cika ya sa wuta ya ƙone, ya sake farawa, domin ya san zaman banza ƙofar kasala ne.

Wanda ya warware mas'alar warwara mafi kyau, a ganina, ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu. Bayan da mayaƙan Got suka ci birnin Rum a shekara ta 410, wata gwauruwa mai arziki da daraja, Foroba, ta gudo Afirka da iyalinta, ta aika masa tana tambaya yadda ake addu'a. A cikin amsarsa ya bayyana mata cewa Allah ba ya bukatar a sanar da shi abin da ya riga ya sani. Abin da yake so shi ne marmarin bawa ya faɗaɗa ta wurin roƙo, har ya iya ɗaukar abin da za a ba shi. Begen da ba ya yankewa shi ne addu'ar da ba ta yankewa, to amma da yake hidimomin duniya suna sanyaya begen nan, sai aka sanya sa'o'i ayyanannu da kalmomi ayyanannu domin mutum ya tunatar da kansa abin da yake nema, kada abin da ya fara yin ɗumi-ɗumi ya huce sarai ya mutu. A wurin Agustin dai shauƙi shi ne maƙasudi, lokaci kuwa bawansa ne mai tsaron ƙofa, kuma duk gardamar da aka yi shekara dubu da ɗari shida bayansa ba ta wuce wannan magana ba, sai dai kowane zamani yakan riƙe rabinta ya saki rabi.

Benedik, wanda ya kafa gidansa a dutsen Monte Kasino na Italiya wajen shekara ta 529, ya mai da wannan tsari doka mai babi 73 wadda ta mallaki ruhubanancin Turai ƙarnuka da dama. Ya tsayar da lokuta bakwai da rana da ɗaya da dare, ya rarraba zabura 150 a sauke su duk mako, yana tuna wa almajiransa cewa magabata a yini ɗaya suke sauke su. Ya keɓe wa karatu sa'o'i biyu zuwa uku kowace rana, a lokacin azumin kwana arba'in kuma a ba kowa littafi guda ya karance shi daga farko har ƙarshe bi da bi, ya kuma sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa zagayawa suna duba ko akwai wanda kasala ta kama ya koma hira. Mai makara ga salla yana da wurin tsayuwa dabam inda kowa zai gan shi. Wanda ya tsaya a nan zai ce dokar bariki ce. Amma a cikin dokar nan ne aka ce in an tashi sallar dare 'yan'uwa su ƙarfafa juna a hankali saboda uzurorin masu nauyin barci, a cikinta ne aka ce addu'ar mutum ta zama gajeriya tsarkakakkiya sai fa in alherin Allah ya ja ta ta yi tsawo, kuma a cikinta ne Benedik ya yi alkawarin cewa hanyar ƙunci gare ta a farko, amma in aka daure zuciya takan buɗe, har abin da mutum yake yi da tsoro ya koma yinsa da ƙauna da jin daɗi kamar an haife shi da shi.

Aibin doka shi ne tana ƙaruwa. A gidan Kuluni na Faransa, wanda aka kafa a 910, aka yi ta ɗora ƙari a kan ƙari, addu'o'i domin matattu da domin sarakunan da suka ba da filaye, har a ƙarni na goma sha ɗaya abin da ake rerawa a wasu ranaku ya zarce adadin Zabura duka, aikin hannu ya kusa ɓacewa. Waɗanda suka kafa gidan Sito a 1098 suka zubar da yawancin ƙarin suka koma ga ma'aunin Benedik, daga gidan nan kuma Barnad na Kilabo ya fito, wanda ya yi wa'azi 86 a kan Waƙar Waƙoƙi ta Sulemanu, duk a kan begen rai ga Ubangijinsa.

Nauyin nan ne ya faɗo a kan Martin Luta, wanda ya shiga gidan ruhubanawa na Erfurt a ƙasar Jamus a 1505. A zamaninsa karanta sa'o'in nan farilla ce a kan kowane limami da ruhubani, barinsu zunubi ne. Shi kuwa da aka ɗora masa koyarwa a jami'ar Wittenberg, da wa'azi, da kula da gidajen ruhubanawa da dama, sai lokaci ya ƙi isarsa. Ya ba almajiransa labari daga baya cewa yakan tara bashin addu'o'in mako, ran Asabar ya kulle kansa a ɗaki ba ci ba sha yana ramuwa, har ciwon kai da rashin barci suka kama shi, wajen 1520 kuma da bashin ya kai na wata uku sai ya yar da shi gaba ɗaya. Daga nan ya yi ta yaƙi da ibadar da ake ƙirgawa ana kai wa Allah kamar haraji, yana koyar da cewa ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya. Da labarin ya tsaya a nan da an ce shauƙi ya ci wajibi da yaƙi.

To amma a 1535 wanzaminsa, wani tsohon abokinsa mai suna Bitrus, ya roƙe shi ya koya masa yadda ake addu'a, Luta ya rubuta masa ɗan littafi, abin da ke cikinsa kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ce shi kansa in ya ji zuciyarsa ta yi sanyi ba ta son addu'a, saboda ayyuka ko tunane-tunane, ba ya zama jira. Yakan ɗauki ƙaramin littafinsa na Zabura ya yi maza ya shiga ɗaki, ko ya tafi majami'a in lokacin taro ne, ya fara karanta Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya da baki, kalma bayan kalma, kamar yadda yara suke yi, har zuciya ta ɗau ɗumi. Ya gargaɗi wanzamin ya sa addu'a ta zama aikinsa na farko da safe na ƙarshe da dare, ya yi hattara da wasiwasin nan mai cewa bari in gama kaza tukuna, domin ta haka yini yake ƙarewa ba a yi ba. Ya kawo masa misali daga sana'arsa: wanzamin da yake aski yana hira yana waige-waige, bai tara hankalinsa a kan aska ba, zai yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro. Sa'an nan ya faɗi abin da ya raba shi da tsarin da ya bari: in ana cikin karatu sai wata aya ta buɗe, tunani masu kyau suka kwararo, to a bar sauran abin da aka shirya a saurara, domin Ruhu Mai Tsarki ne yake wa'azi. Mutumin da ya yar da bashin wata uku shi ne kuma ya rubuta wa iyalai addu'ar safe da ta dare a cikin Katekisim ɗinsa na 1529, ya kuma koyar cewa addu'a umarni ce daga Allah, ba a jiran sai an ji an cancanta. Abin da ya jefar shi ne ƙirga da ramuwa. Lokacin kuwa ya riƙe shi.

A Ingila, Akbishop Kiranma ya taƙaita lokuta takwas ya mai da su biyu a cikin littafin addu'a na 1549, safe da maraice, da Ingilishi, a sauke Zabura duk wata. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Jon Banyan, wanda aka ɗaure a kurkukun Bedford tun 1660, yana rubutu yana sukar wannan littafi kansa, yana ganin addu'ar da aka karanto daga takarda ba ta fito daga Ruhu ba. A Sifaniya kuwa, cikin Katolika, Teresa ta Abila, wadda ake lissafa ta cikin manyan masana addu'a, ta faɗa a tarihin rayuwarta cewa ta yi shekaru tana zaune a sa'ar addu'a hankalinta yana kan agogo, tana jiran ya buga ta tashi, ba ta kuma iya farawa sai da littafi a hannu. Ta taɓa barin addu'ar fiye da shekara guda tana ganin ba ta cancanta ba, daga baya ta ɗauki barin nan a matsayin mafi hatsarin jarrabar da ta same ta.

Inda ɓangarorin biyu suka yi gaba da gaba a fili shi ne birnin Landan. Jon Wesli ya fara ne da tsari tsantsa: tun 1729 a Oksfod shi da ƙaninsa Carls da 'yan abokai suka yanka wa kowace sa'a aikinta, azumi da karatu da ziyarar kurkuku, amma ya je Amurka wa'azi ya dawo zuciyarsa babu natsuwa. Ran 24 ga Mayu 1738 da maraice ya tafi wani ƙaramin taro a titin Aldersgate, shi da kansa kuma ya rubuta cewa ba da son ransa ya tafi ba. Ana karanta gabatarwar da Luta ya yi wa wasiƙar Romawa, wajen ƙarfe tara saura kwata, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya sami tabbacin an gafarta masa. Abin da ya nema shekara da shekaru ya same shi ne a daren da ƙafa ta kai shi inda zuciya ba ta so.

A ƙarshen 1739 wani saurayi mai wa'azi daga jama'ar Morabiya, Filibus Molther, ya iso ƙungiyar su Wesli ta Fetter Lane, ya tarar ana nishi ana kuka ana kururuwa a taro, abin ya dame shi, ya fara koyar da cewa duk wanda bai sami cikakkiyar bangaskiya ba ya yi shiru kawai a gaban Ubangiji: kada ya ci jibin Ubangiji, kada ya je majami'a, kada ya dogara ga karatun Littafi ko yawan addu'a, domin muddin yana yin waɗannan zai jingina a kansu ya manta da Mai Ceto. Adalci ne a ce tsoronsa yana da tushe, gama ya ga mutane suna kwaikwayon halin da ba su da shi, suna kuma ɗaukar ayyukansu kuɗin sayen rahama. Amma maganinsa ya fi ciwon muni, mutane da dama suka rufe littattafansu suka zauna jiran abin da bai zo ba. Wesli ya amsa cewa addu'a da karatu da jibi ba su da wani iko a kansu, ba su kuma sayen kome, sai dai su ne hanyoyin da Allah ya sanya yake saduwa da bayinsa a kai, saboda haka mai jiran alheri a kan hanya zai jira shi. Ran 20 ga Yuli 1740 ya karanta musu matsayinsa ya fita, mutane ƙalilan da ba su kai ashirin ba suka bi shi. Shekara ashirin bayan haka, a 1760, ya rubuta wa wani mai wa'azinsa, Jon Trembath, wanda yake da baiwar baki amma ya ƙi karatu, ya ce masa wa'azinsa yana da zafi amma ba zurfi, ya umarce shi ya keɓe lokaci kullum ya karanta ya yi addu'a ko yana so ko ba ya so, domin ɗanɗanon da ba shi da shi yana iya samuwa, abin da ya gundure shi da farko zai zama masa daɗi.

Ina ganin gaskiya tana wajen Wesli, kuma manomin ƙasarmu ya riga ya san dalili, shi da yake shukar binne a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba: bai isa ya saukar da ruwa ba, bai kuma ce shukarsa ce za ta jawo shi ba, amma ran da ruwan ya sauka gonar da ke da iri a ciki ita ce za ta tsira.

Tsarin karatun da Kiristocin Furotesta da dama suke bi yau ɗan ƙarni na goma sha tara ne. A watan Disamba 1842 wani saurayin fasto na majami'ar Bitrus Mai Tsarki a Dandi ta ƙasar Sikotlan, Robert Murray M'Cheyne, ya shirya wa jama'arsa jadawali na sura huɗu kowace rana, biyu a karanta da iyali biyu a kaɗaice, wanda zai kai mutum ya sauke Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu, a cikin shekara. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne kafin ya faɗi amfanin jadawalin sai da ya jera hatsarorinsa: karatu ya zama al'ada marar rai, mutum ya riƙa ganin kansa adali don ya cika surorinsa, a riƙa karantawa da sakaci saboda yawa, ko kuma abin ya zama karkiya mai nauyi, lamiri yana jan mutum ba tare da ɗanɗano ba. Ga wanda ya kai wannan hali ya ba shi izini ya kwance sarƙar ya ci inda ransa yake so a cikin Littafin. Wata uku bayan haka, a Maris 1843, zazzaɓi ya ɗauke shi yana da shekara 29, jadawalin kuwa har yau ana buga shi. A 1879 aka fara raba wa yara katin karatun kullum a Ingila, wanda daga gare shi ƙungiyar Scripture Union ta samo sunanta.

'Yan mishan da suka shigo ƙasashenmu, na CMS da na SIM da suka fara yunƙuri a 1893 da na SUM da suka iso a 1904, 'ya'yan wannan tarbiyya ne, tashin asuba da Littafi a hannu yana cikin abin da suka ɗauko tare da kayansu. An buga Bisharar Matiyu da Hausa tun 1857 ta hannun ɗan mishan Schön, Likita Mila ya zauna a Zariya daga 1905 yana aikin fassara, a 1932 kuma Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa, ya zama littafin majami'u daga Wusasa zuwa Filato da kudancin Kaduna da Adamawa har yankin Maraɗi, a bakin ƙabilu da yawa waɗanda Hausa ta haɗa. Kiristan da ke zaune a nan mas'alar ta fi matsa shi fiye da ɗan'uwansa na Turai, domin sau biyar a yini yana jin kiran salla, yana ganin maƙwabcinsa yana tashi cikin sanyin hunturu ba tare da ya tambayi zuciyarsa ko tana so ba, yana ganin mai ɗariƙa riƙe da lazimi safe da yamma. Malaman Musulunci ma sun san ciwon, Imamu Gazali ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan tsara wuridai, sufaye kuma sun yi dogon bayani a kan ƙuncin zuciya da buɗinta. Daga wannan maƙwabtaka wasu samari Kirista sukan ce su 'yan alheri ne ba 'yan shari'a ba, su saki lokaci gaba ɗaya, su koma kan ra'ayin Molther ba su taɓa jin sunansa ba. Wasu kuwa sukan mai da surorinsu abin ƙirga da gasa, in sun tsallake kwana uku su shiga ramuwa da baƙin ciki irin na Luta a ɗakinsa ran Asabar.

Ina roƙon fastoci da iyaye da shugabannin zumuntar mata da na matasa, da duk masu buga jadawalin karatu da Hausa a farkon kowace shekara, in za su miƙa wa yaro takardar surori su faɗa masa tun ran farko cewa ranakun bushewa za su zo, sun zo wa Teresa sun zo wa Luta, kuma ba alamar Allah ya yashe shi ba ce. Su koya masa a ranar ya rage yawa kada ya bar lokaci, in ya tsallake kuma ya ci gaba daga inda yake ba tare da ɗaukar bashi ba. Gargaɗin nan huɗu na M'Cheyne kuwa a fassara su, a buga su a shafin farko, kafin surar ɗaya ga Janairu.